Ranar da Esnart ta Ƙona Mumbari

Kwana huɗu ke nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa ranar da bangon akurkin Esnart ya faɗi. Da sassafe ne, tana tsugune a madafa tana fama da ashanar da ta sha sanyi ta ƙi kamawa, sai ta ji tim a bayan ɗaki, kamar an jefo buhun masara daga kan mota. Ba ta tsaya neman takalmi ba, ta fita a guje cikin taɓo.

Bangon gabas ne ya jiƙe ya zube ciki. Tubalin ya danne kaskon wuta, ya danne buhunan gawayi biyu da ta jingine a kusurwa, ruwan da ke gangarowa daga gonakin shayi kuma ya sami hanya yana malala a kan dusar katakon da ta shimfiɗa. 'Yan tsakin sun cure a lungu ɗaya, wani kan wani, suna tsuwa mai ratsa kunne. Kwanansu biyar a duniya.

Guda ɗari ta sayo a garin Luchenza, kuma ba da kuɗin wasa ba. Mijinta Fanuel kafinta ne, ko kuwa a ce dā kafinta ne. Wata takwas da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Masarar rumbu ta ƙare, ɗan abin da 'yarsu Tadala take aikowa daga aikatau a birnin Limbe ko maganinsa ba ya isa. Da ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai Esnart ta kwashe kayan aikinsa, zarto da guduma da duk abin da ke rataye a bango, ta kai kasuwa. Da kuɗin ta sayo 'yan tsakin da abincinsu da gawayin ɗumama su. Ba ta faɗa masa ba, da idonsa ya ga ƙusoshin bango tsirara. Tun ranar ya juya fuska ga bango, bai ƙara ce mata uffan ba, abinci kuwa in ya yi loma biyu sai ya kau da kai.

Ta durƙusa cikin ruwan ta riƙa kwasar 'yan tsakin tana zubawa a zaninta. Sau uku tana kai su ɗaki tana juyewa a babban kwandon wanki. Da ta ɗaga tubalin da ya zube, ta tarar da tara a ƙarƙashi sun baje. Ba ta da lokacin kuka. Ta tona gawayin da hannu, ta ga ya koma baƙin kunu.

A ɗaki ta goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohuwar riga, ta rufa musu buhu. A banza. Ɗan tsako mai kwana biyar ba shi da ɗumin kansa, sai wanda aka ba shi. Suka dinga hawa kan juna, na ƙasa suna shaƙewa, tana raba su suna komawa. Fanuel yana kwance a gado, bayansa kawai take gani.

Ta yafa buhu a ka ta shiga gari neman gawayi. Gida shida ta shiga, babu inda hayaƙi ke tashi. Mai kawo gawayi a keke daga ƙetaren rafi yake zuwa, rafin kuwa tun shekaranjiya ya hana kowa wucewa. Gida na bakwai shi ne na Gogo Nachisale, tsohuwar da ta shekara ashirin tana shugabancin zumuntar mata a cocinsu, mai baki kamar reza.

"Maman Tadala, wa ya mutu?"

"Gogo, gawayi. Ko gwangwani ɗaya ne."

"Gawayi? Jiya da ɗanyen rogo na kwana. Kin ga alamar wuta a gidan nan?"

Esnart ta faɗa mata abin da ya faru. Tsohuwar ta kafa mata ido.

"Kin yi addu'a?"

"Gogo, addu'a ba ta kama wuta."

"A'a! Ashe bakin yana nan. Wata nawa ba mu ji shi a zumunta ba, na ɗauka shi ma kin kai shi kasuwa." Ta jawo sandarta, ta kunce bakin zani ta fito da ashana busasshiya a ƙulle cikin leda. "Mu je. Da ina yarinya, in an haifi bakwaini da damina, dutse ake gasawa a naɗe da tsumma a ajiye masa. Kina da itace busasshe?"

"Babu."

"Kina da kujera?"

Haka suka fara. A madafa suka hura wutar, don hayaƙi kada ya kashe 'yan tsakin. Suka faskara kujerar tsuguno, suka bi da taɓarya, suka bi da ƙyauren madafar kansa. Jan bulo shida suke gasawa, su naɗe a tsumma su jera a kwando. Da zarar ɗumi ya bugi 'yan tsakin sai tsuwar ta lafa, su baje su fara tsattsagar abinci. Amma bulo ba ya riƙe zafi, kafin a jima ya huce, sai an sake wani. Kafin la'asar duk abin da zai ci wuta a madafar ya ci. Esnart ta tsaya a tsakar ɗaki tana waige-waige. Gado ne, mara lafiya yana kai. Ƙyauren ɗaki ne, in ta cire iska za ta gama da su gaba ɗaya.

Sai ta ji wani gurnani daga gadon. Fanuel ya juyo. Hannunsa mai lafiya yana nuna kusurwar ɗakin, inda wani abu yake tsaye an lulluɓe shi da tsohon zani.

Mumbari ne. Ikkilisiya ce ta tara baiko na wata da watanni ta sayi katakon maɗaci, ta ba shi aikin. Shi yake yi ranar da ya faɗi, gicciyen da yake sassaƙawa a gaba ma rabi ya tsaya. Dattawan coci ba su zo sun ɗauka ba, don kada ya ga kamar sun cire rai da shi.

"Ƙo... ƙona," in ji shi. Maganarsa ta farko gare ta cikin mako guda.

"Baban Tadala, ba namu ba ne. Na Allah ne fa."

Ya yi ta kokawa da harshensa, yawu yana bin gefen bakinsa.

"Ya... sani."

Esnart ta dubi Gogo. Tsohuwar ta nisa.

"To. Mai aikin ya ce a ƙona. Mai kayan kuma, in yana da magana, ya san inda muke."

Babu zarto a gidan kafinta. Da gatari Esnart ta sare shi, nan a gaban idonsa, don ya fi ƙarfin ta fitar da shi. Katakon ya yi tauri, aikin ya yi kyau, kowace mahaɗa sai ta sara sau goma kafin ta rabu. Duk saran da ta kai sai ta ji kamar a ƙirjin mijinta yake sauka. Bai kau da kai ba har ta gama. Da ta zo kan allon gaba mai rabin gicciye, ta ɗaga gatarin ta kasa saukewa. Gogo ta karɓe allon ta fita da shi madafa.

Da maɗacin nan suka kai safiya. Duk da haka, da gari ya waye Esnart ta tsince matattu goma sha bakwai, waɗanda ruwa ya fi jiƙawa jiya. Da hantsi guntun ƙarshe ya zama toka. Ruwa kuwa sai abin da ya ƙaru, yana dukan kwano har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi.

"Zan ƙetare," in ji Esnart. "Akwai gawayi a shagunan bakin titi."

"Ki ƙetare me? Rafin da ya tafi da saniyar mutane jiya?"

Ba ta saurare ta ba. Ta ɗaure leda a ƙugu ta fita.

Gadar katakon babu ita, ko gungumen ba a gani. Ruwan ja ne jawur, yana tafe da bishiyoyin ayaba da jinkar ɗakin wani. A can ƙetare tana hango rufin shagunan, kusa kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Ta tattare zani ta sa ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Taku na biyar ƙasa ta zame a ƙarƙashinta, ruwan ya fizge ta ya yi gaba da ita. Ta sha ta hanci ta sha ta baki. Allah ya sa hannunta ya faɗa kan saiwar wata bishiya da ke bakin gaɓa, ta riƙe, ta ja jiki da ƙyar ta fito tana amai.

Nan ta zauna cikin taɓo, ta ɗaga kai sama, ruwa yana shiga mata ido.

"Me na yi maka?" ta ce da ƙarfi. "Faɗa mini! Shekara ashirin da biyu ina share maka coci duk Asabar. Mutumin nan aikinka yake yi ka kayar da shi. Na yi shiru. Ban roƙe ka mota ba, ban roƙe ka gidan bene ba, kaji ne! Kaji kawai! Su ma sai ka bi ni ka karɓe? To karɓi! In ni kake so, ga ni, me ya sa ka bar ni na fito?"

Ba abin da ya amsa sai rugugin rafi. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta ga zaman ba shi da amfani, ta tashi ta kama hanyar gida tana ɗingishi, gwiwarta tana jini, hannunta babu komai.

Tun daga bakin shinge ta lura da shirun. Babu tsuwa. Ta tsaya a ƙofa ta kasa turawa. Shi ke nan, ta ce a ranta, sun ƙare. Ta fara tunanin yadda za ta dubi Fanuel, ba zarto, ba mumbari, ba kaji.

Ta tura ƙyauren. Kwandon yana nan, babu komai a ciki. Gogo tana zaune a kan gado ta jingina da bango, ta ja bargo har wuya. Fanuel yana kwance rigingine kusa da ita, bargon da ke kansa yana motsi.

"Rufe mana ƙofa, kina shigo da iska," in ji Gogo. "Dube ta kamar an tsamo ɓera a rijiya. Ina gawayin?"

"Ina suke?"

Fanuel ya ɗaga gefen bargon kaɗan. Suna nan a jikinsa, a hammatarsa, a kan ƙirjinsa, a gefen cikinsa na dama, sun lafe sun lumshe ido. Gogo ta tare ɓarin hagun da matashi, don can ba ya ji, kada ya danne wani bai sani ba. Sauran suna cinyar tsohuwar, cikin zaninta.

"Shi ya ce," in ji Gogo. "Kina fita guda uku suka mimmiƙe, na ce sun tafi. Ya yi ta nuna ƙirjinsa yana gurnani har na gane. Na ɗora masa su, ba a jima ba biyu suka fara motsi. Sai ya ce in kawo duka. Ni da na haifi tara na binne miji biyu, yau ga ni ina kwanci kamar kaza. In kika faɗa a zumunta sai na ci mutuncinki. Cire jiƙaƙƙen zanin nan ki hau, jikina ya tsufa, ɗumin kaɗan ne."

Esnart ta sauya zani, ta murza hannuwanta har suka ɗan yi ɗumi, ta hau gadon ta raɓa da mijinta. Gogo ta ɗebo wajen ashirin ta zuba mata a ciki. Ta ji ƙananan farata suna yawo a fatarta, suna neman wuri. Ɗaya ya cusa kai a ƙarƙashin hannunta, ya yi 'yar tsuwa sau biyu, ya yi shiru.

Fanuel yana kallon rufi. Ya daɗe yana tattaro maganar.

"Ba su... tambaye ni ba."

"Me, Baban Tadala?"

"Zancen... gobe." Ya huta. "Na ɗaga bargo... suka shiga."

"Abin da nake faɗa mata ke nan tun jiya," in ji Gogo, ko da yake ba ta faɗa ba. "Ɗan tsako bai san inda ake sayar da gawayi ba. Abin da ya sani, in ya ji sanyi ya yi kuka, in ya ji ɗumi ya shige. Ke kuwa kukan kin iya, tun daga nan muna jiyo ki. Shigewar ce ta gagare ki. Komai ke, komai ke, har rafi za ki yi kokawa da shi. Da ya tafi da ke, wa zai juya wannan mutumin? Ni?"

Esnart ta lumshe ido. Hawaye suna bin gefen fuskarta suna shiga kunne, ba ta iya ɗaga hannu ta share ba don kada ta ta da wanda ke barci a ƙarƙashinsa.

"Baban Tadala," ta ce a hankali, "kayan aikinka. Ya kamata in tambaye ka."

Ya girgiza kai. "Da ni ne... da na sayar." Can kuma ya ƙara, "Na ɗauka... ba ni da sauran amfani."

"To ga amfani ka samu," in ji Gogo. "Amma ɗumi ba ya fitowa daga cikin da babu komai. Murhu ma sai an sa masa itace." Ta miƙa hannu ta jawo nonon ayabar da ke rataye a bango. Fanuel ya ci huɗu a jere.

Gogo ta ce su yi addu'a, kuma Esnart ce za ta yi. Ta buɗe baki, duk kalmomin da ta saba ji a coci suka gudu. Abin da ya fito kaɗan ne.

"Ubangiji, na gaji. Ba ni da sauran dabara. Ga su nan, ga mu nan. Ka yi yadda ka ga dama, amma kada ka bar mu."

"Amin," in ji su biyun.

Tsoron bai bar ta ba, ruwan ma bai ɗauke ba. Wuni da kwana suka ƙara a gadon nan. Sukan fito da su kashi-kashi su ci su sha a faranti, su mayar kafin sanyi ya kama su. Bargon ya ɓaci da kashin kaji, ɗakin ya ɗauki wari, bayan Gogo ya ƙage har tana zagin kakannin duk wanda ya fara kiwon kaza. Wasu 'yan tsakin duk da ɗumin sai su daina ci, su sunkuyar da kai, su mutu a tafin hannun Esnart. Duk wanda ya mutu sai ta ce a ranta, na gaba ma haka, har su ƙare. Sai ta sake maimaita 'yar addu'ar nan, don ba ta da wata.

Washegari da azahar ƙarar kwano ta fara raguwa, ta koma yayyafi, ta tsaya. Kafin la'asar rana ta leƙo. Esnart ta shimfiɗa buhu a bakin ƙofa inda hasken ya sauka, ta fito da su ta ƙirga. Hamsin da takwas. Sauran ta binne su a gindin ayaba.

Sai bayan kwana uku rafin ya janye. Fasto Likoswe ya ƙetaro da wando a naɗe yana duba gidajen da suka rushe. Esnart ba ta jira ya tambaya ba, ta durƙusa ta faɗa masa abin da ta yi da mumbarin. Ya dubi kusurwar da babu komai, ya dubi Fanuel. Ba a ce abin bai yi masa zafi ba, shi ya fi kowa ɗokin mumbarin nan.

"Shekara shida ina wa'azi a kan teburin 'yan makaranta," ya ce daga baya. "Ban ji wanda ya ce Maganar Allah ta ragu ba. Tashi, Maman Tadala."

Dattawa ba duka suka ɗauke shi da sauƙi haka ba. Akwai wanda har yau in sun haɗu a hanya sai ya kau da kai, akwai matan da suka ce ai wanda ya ƙona kayan Allah kajinsa ba za su yi albarka ba. Uku sun ƙara mutuwa a mako na biyu. Hamsin da biyar suka kai kasuwa, abin da bai mayar da zarto ba, amma ya sayi masara da magani da wasu 'yan tsakin hamsin. Fanuel bai tashi ya yi tafiya ba. Sai dai yanzu da safe yakan sa a fito da shi bakin sabon akurkin, ya zauna da sanda yana gadin shaho.

Ranar Alhamis ɗin da Esnart ta koma zumuntar mata, aka ce ta tashi ta ba da shaida a kan dogara ga Allah. Ta miƙe tana murza bakin zani.

"Ni dai ban san me zan ce ba," ta ce. "Ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Na yi masa faɗa a bakin rafi, faɗa sosai. Kuma har yanzu in hadari ya haɗu gabana faɗuwa yake. Ban sani ba ko dogara na yi, ko kuwa dabara ce ta ƙare mini."

Matan suka kalli juna. Gogo Nachisale ta buga sandarta a ƙasa.

"A wurin irinmu ai daga nan ake farawa. Zauna, a ba wata."